Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a kan ginin Gidan Ɗan Hausa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, shugaba da sauran ma'aikatan wannan hukuma, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku sannu da aiki, da sannu da riƙon amanar da jama'ar Kano suka damƙa muku.

Ni tsohon malamin makaranta ne da ya ajiye alli, amma a gidan magina aka haife ni. Mahaifina da kakana da ƙasa suka ci abinci, kuma tun kafin a sa ni a boko na taka birji da ƙafata, na cilla wa babana tubali yana zaune a kan bango yana cafewa. Shi ya sa duk ranar da na shiga Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, jama'a na kallon kayan tarihin da aka jera, ni kuwa bango nake kallo, da rufi, da bakin indararo. Na kai jikokina can, ɗayansu ya ɗora tafin hannu a jikin bango ya ce, "Kaka, sanyi kamar randa." Tun daga ranar nake ta juya wannan wasiƙa a raina.

Maganata guda ce. Gidan ƙasa ba ya tsayuwa don an rubuta sunansa a cikin jerin wuraren tarihi, ko don an kafa allo a ƙofarsa. Hannun magini ke riƙe shi, shekara bayan shekara, kuma hannayen nan suna ƙarewa.

Kun fi ni sanin tarihin gidan, amma bari in taɓo kaɗan saboda masu karatu. Labarin da aka gada shi ne, tun kafin zuwan Turawa akwai gida a wurin, na wani mai kula da gonakin Sarkin Kano. Nasarawa a lokacin bayan gari ce, gandun sarki ce, kamar yadda Fanisau da Ɗorayi suke. Turawa suka ci Kano a 1903. Bayan 'yan shekaru, a zamanin Sarki Abbas, Hanns Vischer, haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan, wanda ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya zauna a gidan, aka gyara shi aka faɗaɗa, ya kuma buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909. Jin Hausarsa ya sa aka yi masa laƙabi da Ɗan Hausa, sunan ya bi gidan. Ƙa'idojin rubutun Hausa da ya fitar a 1912 suna cikin tushen wannan bokon da nake rubuta muku wasiƙa da shi. Wannan duk an sani, ana kuma faɗa wa baƙi. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne ginin kansa, wato yadda aka yi ƙasa da itace suka tsaya fiye da shekara ɗari a garin da ruwan Agusta ba ya wasa.

A fara daga tubali. Tubalin Hausa ba bulo ba ne, ba shi da kusurwa huɗu, kuma ba a gasa shi a wuta. Ana haƙo birji daga kududdufi, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake, a bar shi ya kwana ya ruɓa, a sake jiƙawa a sake takawa. Kakana yakan ce ƙasar da ba ta kwana ba ƙarya take yi. Sannan a mulmula ta da hannu, gindi da faɗi, kai a tsuke, a jera a rana har ta bushe ƙamas. Wajen gini ana dasa tubalin ne a tsaye, kan yana duban sama, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a bar wannan sahu ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Bangon yana farawa da kauri a gindi, tubali da yawa a jere, yana hawa yana sirancewa. Duk wanda ya tsaya a gefen Gidan Ɗan Hausa ya daidaita idonsa da bango zai ga wannan ɗan kwanciyar. Ba kuskuren magini ba ne, ita ce ƙarfin ginin. Kaurin nan ne kuma ke shanye zafin rana da yini, ya sake shi sannu a hankali cikin dare, abin da jikana ya ji da tafin hannunsa ke nan.

Sai rufi, inda gwanintar take. Azara daga giginya ake tsago ta, domin itacen giginya gara ba ta cika iya masa ba. Amma azara tana da iyaka: in faɗin da za ta ƙetare ya kai mita biyu, nauyin ƙasar rufi zai lanƙwasa ta. To ta yaya aka sami manyan ɗakuna irin na wannan gida? Da baka. Magini zai dasa azara a cikin bango tun yana hawa, ta leƙo kaɗan, ya ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, haka daga wannan ɓangare, haka daga wancan, har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe su da ƙasa su fito kamar bakan gizo. In an gicciya baka biyu ko fiye, aka raba sararin rufin gida-gida yadda gajeriyar azara za ta iya rufe kowane, an sami ɗaurin guga. Mutum ya ɗaga kai ya ga abin kamar ado, alhali lissafi ne tsantsa, lissafin da aka yi ba takarda ba alƙalami. A kan azarar ake shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daɓe, a karkata ta yadda ruwa zai gangara zuwa indararo.

Ina roƙon ku da ku dubi indararo da idon girmamawa. Shi ne mafi ƙanƙanta a ginin, shi ne kuma ran ginin yake hannunsa. Aikinsa ya tofar da ruwan rufi nesa da bango. Ranar da ya toshe da ganye, ko ya karye, ko gindinsa ya saki, ruwa zai kwanta a kan soro, ya nemi hanya ta cikin ƙasa, ya iske kan azara inda take binne a bango, ya ruɓar da ita a ɓoye. Daga ciki ba a ganin komai sai ɗan tabo. Wata rana sai a ji rugum. Yawancin sorayen da na ga sun faɗi a cikin birni tun ina yaro, ba tsufa ya kayar da su ba, indararo ne da ba a leƙa ba kafin ruwan fari.

Zankwayen da ke tsaye a kan rawanin gidan, wato ɗan bangon da ya kewaye saman rufi, waɗanda yanzu ake zanawa a jikin tambari da kalanda a matsayin alamar ginin Hausa, su ma ba ƙawa kaɗai ba ne. Suna ƙara wa kusurwa nauyi a inda ruwa ya fi ci, kuma magina kan maƙala igiya a jikinsu idan za su sauko yaɓe. Zanen da ke fuskar gida kuwa, a kan ɗanyen yaɓe ake fitar da shi da hannu, don haka duk lokacin da aka sabunta yaɓe sai an sami wanda ya iya mayar da zanen yadda yake. Abin da ya bambanta wannan gida da gidajen cikin birni shi ne an yi shi da hannun maginan Kano amma don zaman Bature: ga bene, ga tagogi masu faɗi da yawa fiye da yadda Bahaushen wancan zamani ke buɗewa a ɗakinsa. Magina suka karɓi buƙatar da ba su saba da ita ba, suka warware ta da tubali da azara. Ni a wurina wannan ya isa hujja cewa ginin ƙasa ba sana'a ce da ta daskare ba.

Yanzu ga inda zuciyata take. Bangon ƙasa yana buƙatar riga, kuma rigar tana tsufa. Iyayenmu suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa da ƙasa a shafe bango, ta ba shi wannan launi mai duhu-duhu, ta kuma sa ruwa ya zame. Suna da laso, wanda ya fi ƙarfi, na kan soro da rawani da wuraren da ruwa ya fi duka. Laso haɗi ne na abu uku: katsi, wato laka da ke taruwa a gindin rijiyar rini, a kwaso a busar a ƙona a daka, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Ku duba wannan haɗi da kyau, ranku ya daɗe. Kafin rufin Gidan Ɗan Hausa ya sami laso na gaskiya, sai marina suna rini da baba a karofi irin na Ƙofar Mata, sai majema suna jima, sai akwai wanda ya san dafara a daji ya kuma san lokacin haƙo ta. Kafin a canja azara ɗaya, sai akwai giginyar da ta manyanta, ita kuwa giginya ba a shekara goma take kai wa nan ba. Kafin a sami makuba, sai ɗorawa tana tsaye a gona ba a sare ta an yi gawayi ba. Ashe gidan nan ɗaure yake da marini da majemi da manomi da mai saran azara. In ɗaya ya faɗi, sai a rasa abin gyara, in aka rasa kuwa, sai wani ya kawo shawarar siminti.

A kan siminti ina magana ne da abin da ya faru a gidanmu. Bayan rasuwar mahaifina, muka gaji da yaɓen kowace shekara, muka haɗa kuɗi aka shafe soron kakanmu da siminti. Shekarar farko kowa ya yaba, har maƙwabta suka yi koyi. Abin da ba mu lura ba shi ne ƙasa tana numfashi, siminti ba ya yi. Danshin da ke tasowa daga gindin bango da damina, da can yana fita ta jikin yaɓe ya bushe, yanzu ya rasa hanya ya zauna a ciki. Ga shi kuma ƙasa da siminti ba sa miƙewa da tsukewa tare idan rana ta yi zafi ko hunturu ya busa, sai siminti ya yi 'yan tsage-tsage kamar gashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Yana shiga ba ya fita. Bayan wasu shekaru na ƙwanƙwasa bangon da yatsa na ji yana amsawa kamar ganga, ƙasar ciki ta zube ta bar ɓawo. A wata damina ɓawon ya ɓare gaba ɗaya, ya tafi da rabin bangon, bakan da kakana ya ɗaura da hannunsa ya biyo baya. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Mu muka yi wannan da kanmu, da kyakkyawar niyya, kuma har yau in na wuce wurin sai na kau da kai.

Ban kawo wannan don ina zargin kowa ba. Na kawo shi ne don na san yadda jarabar take zuwa. Kasafin kuɗi na gwamnati ya fi son aiki babba da za a yi sau ɗaya, a ba da kwangila, a ƙaddamar. Ginin ƙasa kuwa ƙaramin kuɗi yake so, amma kowace shekara, kuma a kan lokaci, tsakanin ƙarshen hunturu da faɗuwar ruwan fari. Kuɗin yaɓen da ya fito a watan Yuli ya makara. Shugabanni suna sauyawa, ma'aikata suna ritaya, wata rana za a sami wanda zai ce a huta da wannan wahala a yi abin da zai daɗe. Ina so kafin ranar ta zo a ce akwai rubutacciyar ƙa'ida a hukumarku da ta hana siminti da fentin mai taɓa jikin wannan gida, ta kuma ware kuɗin yaɓe da duban rufi a matsayin abin da ake fitarwa duk shekara kamar albashi.

Ba abin da ba a taɓa yi ba ne. Babban masallacin Djenne a Mali, wanda ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, kusan sa'an Gidan Ɗan Hausa ke nan a gyaransa, duk shekara mutanen gari ke fitowa su yaɓe shi, itatuwan da suka leƙo daga jikinsa su ne matakalarsu. A Agadas, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, hasumiyar ƙasa mai tsayin mita 27 tana nan tsaye saboda ba a daina kula da ita ba. A Yama ta jihar Tawa a Nijar, masallacin ƙasa da Falke Barmu ya gina ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A gefe guda kuma, ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da wani ɓangare na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta a kan masallata aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Mu a Kano muna ganin yadda badala ke narkewa a idonmu, duk da cewa tana cikin abubuwan da dokar ƙasa ta ba kariya.

Abu na biyu da nake roƙo ya fi na farko gaggawa, domin yana da alaƙa da ajali. Tsofaffin da suka iya ɗaurin guga tun daga dasa azarar farko har rufewa sun yi ƙaranci, kuma 'ya'yansu da yawa sun koma bulo da kwano, ba laifinsu ba ne, can abinci yake. Ku nemo waɗanda suka rage ta hannun Sarkin Magina da masu unguwanni. Ku zaunar da su a gidan, a bi ɗaki-ɗaki da su, su faɗi sunan kowane baka da kowane zane, a ɗauka a bidiyo, a rubuta da Hausa. A auna gidan gaba ɗaya a zana shi, kamar yadda Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya yi wa gine-ginen gargajiya da dama a ƙasar nan, aikin da ya haifar da gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Amma zane a takarda ba ya ɗaura baka. Don haka duk lokacin da za a yi gyara, a sa sharaɗi cewa kowane gwani ya zo da yara masu koyo, a biya su, a kuma gayyato ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Bayero da na kwalejojin fasaha su tuɓe takalmi su shiga birji. A makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a wannan unguwa har da sashen koyon sana'o'in hannu. Ba baƙon abu ba ne a ce harabar gidan ta sake zama wurin koyo.

Akwai kuma wani gyara da ba na bango ba. Gidan yana ɗauke da sunan mutum ɗaya, wanda ya zo ƙasar nan da farko a matsayin ɗan mishan, daga baya ya zama jami'in mulkin mallaka. Ba na neman a canja sunan, tarihi ne, kuma mutumin ya yi aikin da har yau muke cin moriyarsa. Sai dai baƙon da ya shigo ya kamata ya fita da sanin cewa kafin Bature akwai gandu a nan, akwai gero da dawa da rumbuna, akwai manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da harkar gandaye ke bi ta hannunsu, akwai kuma bayin da suka yi noman, waɗanda guminsu ya ciyar da fada. Wannan ɓangare ba shi da daɗin faɗa, amma namu ne. Haka maginan da suka ɗaga bangon, ba a rubuta sunayensu a ko'ina a jikinsa ba, alhali shatin yatsunsu ne a kan kowane tubali. Ɗaki guda ya isa: a ajiye tubali ɗaya a fili yadda yaro zai ɗauka ya ji nauyinsa, da guntun azara, da katsi, da ɓawon ɗorawa, da ƙaramin baka da aka bari tsirara ba yaɓe don a ga yadda aka ɗaure shi. A cikin harabar kuma a dasa giginya da ɗorawa. Wanda ya dasa ba zai ga ranar da za a tsaga azara daga jikinsu ba, amma gidan zai gani.

Na san hukumarku tana da ayyuka da yawa, kuɗi kuma ba ya isa. Shi ya sa ban roƙi sabon gini ko babban biki ba. In ma duk abin da na lissafa ya yi yawa a bana, to a yi guda ɗaya: kafin hadarin farko ya haɗu a gabas, a sa tsani a hau kan soron, a share bakin kowane indararo, a duba gindinsa, a bi rawani da zankwaye a toshe duk tsagar da aka gani da irin ƙasar da aka yi ginin da ita. Aikin kwana biyu ne ga magini da yaransa. Ƙafata ba ta hawa tsani yanzu, amma idan kuka sa rana zan zo in zauna a ƙasa in taya su tankaɗe katsi.

Allah ya taimake ku, ya ƙara wa Kano albarka.

Wassalam.

Naku,
Ɗan magina, tsohon malamin makaranta, daga cikin birnin Kano.